Zuwa ga Edita: Kafin a ce laftof ta tsufa, a duba me VM ɗin yake jira

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon a ɗan bani fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Nasan wasu masu karatu zasu ce ai wannan ba maganar jarida bace, amma wallahi matasan da suke koyon Linux da harkar tsaron intanet da kula da saba sun yi yawa yanzu, kuma kusan dukkansu ta ƙofa ɗaya suke shiga, wato su ɗora VirtualBox ko VMware akan laftof ɗinsu su kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutar, abinda ake cewa VM. Toh daga nan ne kuka yake farawa. Ka danna abu sai ka zauna jira, ka ja maus kibiyar sai daga baya take isowa, taga tayi fari ta daskare, rubutun da ka buga sai ka ɗaga hannu sannan yake fitowa. Shawarar da ake basu kuma kullum bata wuce biyu, ko ace ƙara masa ram da kor, wato sassan furosesa masu yin aiki, ko ace laftof ɗinka ce ta tsufa ka nemi wata. Ni wannan shawarar ce take min ciwo, domin sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, yaro ya karaya ya ajiye koyon gaba ɗaya saboda matsalar da setin guda ɗaya zai iya gyarawa.

Abinda nakeso a fara ganewa shine idan mutum yace abu yana nawa, a ina ne yake nawan? Akwai ita manhajar da kake sarrafa injinan da ita, wadda take nuna maka jerin VM ɗinka da maɓallin kunnawa da setin, akwai kuma tagar da baƙon yake ciki wato Windows ko Ubuntu ko Kali da ka ɗora, sannan ga mai masaukin wato ainihin kwamfutar da ke gabanka, kowanne da irin ciwonsa. Gwajin kuma bashi da wahala ko kaɗan. Kashe duk wani VM ka buɗe manhajar ita kaɗai, in har a haka ma tana jan ƙafa toh ka cire maganar ram ɗin baƙo daga ranka tunda baƙon ma bai tashi ba. In kuma tana gudu lafiya lau sai ka kunna VM abin yake lalacewa, ja tagarsa gefe ka buɗe burauza ko wata folda a mai masaukin ka gani, shin ita ma ta kamu ne ko kuwa cikin tagar ne kawai ake fama. Wanda bai yi wannan ba duk abinda zai taɓa daga baya canki-canki ne.

Bari in fara da ita manhajar kanta tunda nan ne mutane basa tunani. Mafi yawan lokaci idan tagar sarrafawa ta tsaya cak ba aiki ne ya mata yawa ba, jira takeyi. Ta tambayi wani abu bai amsa ba, ita kuma an gina ta ne ta saurara har sai lokacin jiran ya ƙare. A VirtualBox akwai wani shiri da yake aiki a bayan fage mai suna VBoxSVC, shine yake riƙe da rijistar duk injinanka da duk wani faifai da fayil ɗin ISO, wato wanda ake ɗora Windows ko Linux daga cikinsa, da ka taɓa haɗawa, kuma idan ka buɗe manhajar yana bi yana duba kowanne yana nan ko baya nan. Yanzu ace wata ɗaya da ya wuce ka ɗora Ubuntu daga wani ISO da yake cikin filash ko cikin foldar da aka raba ta netwok, ka gama ka manta baka cire shi daga setin ba, filash ɗin ya tafi, wancan netwok ɗin baka kansa, toh manhajar zata iya tsayawa tana neman abinda babu. Shiga Virtual Media Manager ka duba, duk wanda kaga alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a gefensa ka sake shi daga injin ka cire shi daga jerin, amma don Allah idan faifai ne ka karanta tambayar da zata maka da kyau, domin akwai cirewa daga jeri akwai kuma goge fayil ɗin kwata-kwata. Haka nan wannan ɗan ƙaramin hoton da yake gefen dama yana nuna maka abinda ke faruwa cikin VM, sabunta kansa yakeyi akai-akai, ka danna masa maɓallin dama na maus zakaga inda ake rage saurin sabuntawar ko a kashe ta, kuma gaskiya ban ga amfaninsa ba ga wanda kwamfutarsa take numfashi sama-sama.

Masu amfani da virt-manager, wata manhajar sarrafa VM akan Linux, suma haka ne, duk bayan 'yan daƙiƙu yana tambayar libvirt, shirin da yake kula da injinan a bayan fage, nawa furosesa ta ci, in ka kunna masa har da faifai da netwok da ram zai riƙa tambaya don ya zana maka waɗannan ƙananan jadawalin. In injinan a kwamfutarka suke ba zaka ji ba, amma in ta SSH kake shiga wata saba mai nisa kuma layin ba ƙarfi, kowace tambaya sai ta je ta dawo, nan take tagar zata fara sanɗa. Cikin Preferences akwai shafin da ake tsawaita lokacin ko a kashe waɗanda baka buƙata. Sannan ka duba ko akwai wata tsohuwar saba da ka taɓa haɗawa ka bar ta akan ta riƙa haɗuwa da kanta duk sanda ka buɗe, alhali sabar ma yanzu bata nan.

Wanda ya taɓa riƙe Proxmox kuma, wato manhajar da ake ɗorawa a saba don gudanar da VM da yawa, yasan wannan yanayin mai tayar da hankali, ka buɗe shafin a burauza ta fot 8006 sai kaga duk injinan da ke hagu sun koma toka-toka kowanne da alamar tambaya a jikinsa, wasu ma sunan ya ɓace sai lamba kawai, jadawalin ya tsaya. Mutum sai gabansa ya faɗi yace shikenan komai ya mutu. Alhali in ka gwada shiga injinan kai tsaye zaka same su suna aiki kamar ba abinda ya faru. Abinda ya maƙale shine pvestatd, ɗan shirin da aikinsa shine zagayawa yana tattaro labarin kowane inji da kowace ma'ajiya, kuma sau da yawa wata ma'ajiya ce ta NFS, wato wadda ake isa gareta ta netwok, ko makamanciyarta ta daina amsawa shi kuma ya tsaya a ƙofarta bai wuce ba. Ka buga pvesm status ka ga akan wacce zai tsaya yana tunani. Sake tayar da pvestatd zai iya dawo da launin na ɗan lokaci amma in baka gyara ma'ajiyar ba ko ka kashe ta daga setin, abin zai dawo. Wanda bai san haka ba zai iya yiwa saba guda ristatin da tsakar rana ya katse aikin mutane akan matsalar da bata taɓa injinansu ba sam.

Toh yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ma tasa na ɗauki wayata nake wannan rubutun. Duk wanda yake da VirtualBox akan Windows 10 ko 11 kuma VM ɗinsa yana rarrafe, kafin ya taɓa komai ya kunna injin ya kalli can ƙasan tagar ta gefen dama inda ƙananan alamomi suke jere, na faifai da na netwok da na USB. A cikinsu akwai wadda ya kamata ta zama ɗan hoton furosesa mai harafin V. In a wurin kaga koren kunkuru, toh ka samu ɓarawon. Su kansu masu manhajar ne suka zaɓi kunkuru don su gaya maka cewa tafiyar zata yi nawa. Dalili kuwa shine furosesa tana da wani sashe na musamman da aka gina don wannan aikin, Intel suna kiransa VT-x su kuma AMD suna cewa AMD-V, kuma idan Hyper-V na Microsoft, wato tsarin VM na shi Windows ɗin kansa, ya tashi tare da Windows shine yake riga kowa kama wannan sashen, sai VirtualBox ya rasa hanyar kai tsaye ya koma bi ta hannun Windows. Tun fitowar VirtualBox 6.0 a ƙarshen 2018 aka sa masa wannan dabarar don kar ya ƙi tashi gaba ɗaya, yana tashi ɗin kuwa amma da nauyi. Abin haushin shine mutane da yawa zasu rantse maka basu taɓa kunna Hyper-V ba, kuma gaskiya suke faɗi, basu kunna da hannunsu ba. WSL2 mai kunna Linux cikin Windows yana tayar dashi, Windows Sandbox yana tayar dashi, Docker Desktop ma yakan jawo shi, sannan ga wani setin tsaro mai suna Memory Integrity da ke ƙarƙashin Core Isolation wanda sabbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa a kunne yake zuwa tun daga kwali.

Hanyar da aka sani ita ce ka kashe Memory Integrity, ka cire alamar Hyper-V da Virtual Machine Platform daga Windows Features, sannan ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka buga bcdedit /set hypervisorlaunchtype off kayi cikakken ristatin, in kanaso ka dawo dashi daga baya sai ka maye off da auto. Amma anan ina da ja da masu bada wannan shawarar a guje ba tare da bayani ba. Memory Integrity ba ado bane, kariya ce daga muggan direbobi da manhajojin da suke neman shiga zuciyar Windows, kuma in ka kashe Hyper-V da Virtual Machine Platform, WSL2 ɗinka zai daina tashi. Laftof ɗin da mutum yake shiga banki da ita ko ta wurin aiki ce, ni bazan ce masa ya kashe kai tsaye ba, gara in gaya masa abinda zai samu da abinda zai rasa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wanda yake da Windows Pro ma yana da zaɓi na uku, ya bar Hyper-V ɗin a kunne ya gina injinsa a cikin Hyper-V Manager kawai, ba faɗa ba rigima. Masu VMware Workstation suma abin ya shafe su, tun 2020 manhajar ta koyi zama tare da Hyper-V, kuma cikin setin kowane inji a shafin Advanced akwai akwatin da yake kashe kariyar da aka ƙara saboda raunin Spectre da Meltdown da aka bayyana a farkon 2018, kashe ta yana ƙara gudu, amma shima dai ciniki ne tsakanin gudu da tsaro, mutum yasan me yake sayarwa.

Akan Linux maganar ta ɗan bambanta. QEMU, manhajar da take kunna VM ɗin, yana iya tashi ko da babu KVM, wato sashen Linux da yake amfani da VT-x ko AMD-V, sai dai zai koma kwaikwayon furosesa ne da manhaja zalla, wanda nawansa ba'a magana. Buga lsmod ka nemi kvm_intel ko kvm_amd, in babu toh ka leƙa BIOS, wataƙila a kashe VT-x ko AMD-V ɗin yake, a allunan AMD da yawa sunan da zaka gani shine SVM.

In kunkuru baya nan amma har yanzu cikin tagar baƙon maus yana tsalle, taga bata cika sikirin, jan folda yana barin inuwa a baya, toh tambayar farko ita ce an ɗora Guest Additions kuwa? A VMware sunansa VMware Tools, ko open-vm-tools in baƙon Linux ne, a KVM kuma direbobin virtio da spice-vdagent. Waɗannan sune direbobin da suke sa baƙo ya san cewa shi baƙo ne ya daina wahalar da kansa, kuma in ka sabunta VirtualBox ɗin ka bar tsohon Guest Additions a ciki shima yakan kawo cikas. Daga nan sai setin Display. Baƙon Linux VMSVGA ya dace dashi, na Windows kuma VBoxSVGA, sannan ram ɗin bidiyo da yake zuwa dashi ga Linux ƙanƙani ne, mega 16, alhali zaka iya kaishi 128. Yi lissafin da kanka, sikirin mai 1920 da 1080 hoto ɗaya tak yana cin sama da mega 8, mai 4K kuma ninki huɗu ne wato wajen mega 33, kaga mai sabuwar laftof mai kaifin sikirin sai yafi mai tsohuwa shan wahala in bai gyara ba, kuma rage girman sikirin ɗin baƙon kaɗai yakan kawo sauƙi nan take. Maganar 3D kuwa bani da hukunci ɗaya akanta, a wata kwamfutar kunna shi ne magani a wata kuma shine ciwon, sai an gwada. Abinda na tabbata shine GNOME, wato irin fuskar Linux da Ubuntu yake zuwa da ita, yana son katin hoto, in bai samu ba sai ya ɗora wa furosesa aikin zane ta hanyar llvmpipe, don haka wanda kwamfutarsa bata da ƙarfi ya nemi Xfce mara nauyi, Kali ma da shi yake zuwa tun ƙarshen 2019.

Yanzu ga waccan shawarar ta ƙara ram da kor da nace tana min ciwo. Mutum yana da giga 8, Windows ɗinsa da burauza sun riga sun cinye kusan rabi, sai a ce masa ya baiwa VM giga 6. Me zai faru? Mai masaukin ta rasa wurin ajiye kayanta sai ta fara kwashewa tana zubawa a faifai tana ɗebowa, faifai kuma ko SSD ne bai kama ƙafar ram ba a gudu, sai komai ya daskare har da ita manhajar da tagar baƙon, tunda su ma ai a cikin mai masaukin suke zaune. Shi kuma sai yaga abin ya ƙaru sai ya ƙara wani gigan. Kor ma haka, laftof mai kor 4 ka baiwa baƙo duka 4, toh wa zai zana maka tagar, wa zai karɓi motsin maus ɗin? Kor 2 sun ishi yawancin aikin koyo. Wannan layin da ake ja a setin VirtualBox yana da kore yana da ja a ƙasansa, ba don kwalliya aka sa ba, ka tsaya cikin koren. Buɗe Task Manager lokacin da abin yake faruwa ka kalli ram da faifai, in kaga faifai ya manne a kashi 100 ram kuma ta cika maƙil, ragewa zakayi ba ƙari ba.

Faifan ma yana da nasa. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a kwamfutar, gaskiya anan kam canzawa zuwa SSD yafi duk wani setin da zan lissafa, kuma wannan ba sayen sabuwar laftof bane. Antibairos shima yakan sa ido akan fayil ɗin VDI ko VMDK, wato faifan VM ɗin, wanda girmansa ya kai giga da yawa kuma kullum cikin canzawa yake, sai a ware masa foldar injinan ace ya ƙyale ta, haka kuma kar a ajiye foldar inda OneDrive zai riƙa ƙoƙarin kwafe ta zuwa intanet. Sai sinafshot, wato adana yanayin da injin yake ciki a wani lokaci, abu ne mai daɗi ga ɗalibi domin in ka ɓata sai ka koma baya, amma kowanne sabon fayil ne da yake ɗoruwa akan na baya, in suka yi tsawo karatu ɗaya sai ya bi ta cikinsu yana nema. A rage su, amma ta cikin manhajar, wallahi kar wanda ya shiga folda ya goge su da hannu, injin ne zai tafi gaba ɗaya. Kuma a jona caja, laftof akan batir rage ƙarfin furosesa takeyi da gangan, sabbin Intel tun ƙarni na 12 da suka fito a 2021 kuma suna da kor iri biyu, masu ƙarfi da masu tattalin wuta, Windows yakan tura VM kan masu tattalin in setin wutar ba akan cikakken ƙarfi yake ba.

Roƙona ga 'yan uwa masu taimakon ɗalibai shine in yaro ya kawo kuka kar a yanke masa hukunci kafin a tambaye shi me yake gani, wace manhaja ce, wane Windows, ram nawa, akwai kunkuru ko babu. A koya masa buɗe fayil ɗin log, VBox.log ko vmware.log, ba sai ya gane komai ba, ko kalmar NEM kaɗai ya nema a na VirtualBox, in yaga layin da yake cewa an koma kanta saboda ba'a samu VT-x ba toh ya san Hyper-V ne ya tare hanya. Kuma ya riƙa canza abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na gaba, domin wanda ya canza setin biyar a tare ko ya gyaru bai san wanne ne ya gyara ba, gobe in ya dawo sai ya sake farawa daga farko.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ku duba yiwuwar ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata inda masu karatu zasu riƙa aiko da irin waɗannan matsalolin na kwamfuta ana amsa musu da Hausa, tare da hoton sikirin ɗin in zai yiwu, domin irin wannan kunkurun ƙanƙani ne sosai, wanda ba'a taɓa nuna masa ba ko yana kallon wurin ba lallai ya lura dashi ba.

Nagode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka. Wassalam.

Daga ɗaya daga cikin masu bibiyar jaridarku.